Rangwame

Shekara talatin ina auna filayen mutane a Birnin Kebbi,
igiyar awo a kafaɗa, jan fensir a bayan kunne.
Da fansho ya zo, likita ya ce suga, ya ce tafiya.
Tafiya ba dalili kuwa cin amanar ƙafa ce,
sai na sayi sandunan gwanjo
na shiga ƙwallon lambu.

Lambu dai a baki.
Rami tara, yashi da baƙin mai,
darbejiya biyu, suri a na huɗu,
da awakin wani da ba su san doka ba.

Suka ba ni lamba, ashirin da takwas.
Wai rangwame ne na sabon hannu,
a zare maka kafin a ƙirga.
Na ji kamar an miƙo mini sadaka a idon jama'a.

Maidamma mai kemis tasa ashirin da biyu,
shekara shida ko motsi.
Ya san hannunsa, ni ma na sani.
Ran Talata ƙwallonsa tana kiwo cikin ciyawa,
ran gasa ta miƙe kamar an ja mata zare.
Ya ci fanka. Ya ci firji. Ya ci buhun shinkafa.
Ya ci kofi mai kunne biyu,
ya aje shi tsakanin maganin tari da na ɓera.
"Noma," in ji shi, "mi kaka biɗa?
Bar lambarka ta yi ƙiba, ita ka cishe ka."

Ni kuwa ramar da ita nake yi.
Bayan asuba, kafin rana ta leƙo Dukku,
ni da Gado mai ɗaukar jaka,
in buga, ya nemo, in buga, ya nemo,
har tafin hannuna ya yi kanta irin ta mai garma.
Ashirin da biyar.
Damina ta zo ta cika ramukan da kwaɗi.
Ashirin da ɗaya. Ashirin.
Duk ɗayar da ta faɗi
kofi ya ƙara ja baya da taku guda.
Na sani mana, awo ne sana'ata.

Ran gasar ƙarshen shekara,
rami na bakwai, bayan darbejiya,
na kawar da kara don in ga ƙwallo
sai ta gusa.
Faɗin farce.
Ba kowa.
Gado ya ɗaga kai yana neman hadari a watan Disamba.
Na ce, ƙara ɗaya.
Ya ce, Baba, ko akuya ba ta gani ba.
Na ce, ƙara.

Bai san na taɓa gusar da turken iyaka ba,
sau ɗaya, a Badariya,
taku biyu, don wani mai tsadar turare.
Katangar tana nan tsaye.
Har yau in na zo layin, kewayawa nake.

Da bugu ɗaya Maidamma ya wuce ni.
Janareto, ja, sabo fil a kwali.
Na yi tafi da mutane.
Ba zan yi ƙarya ba, na so injin nan,
kwana tara unguwarmu ba wuta.

A gida Kulu tana fifita a bakin ƙofa.
Ta ce, me ka ciwo?
Na ce, goma sha tara.
Ta ce, na me? Dubu? Mudu?
Na ce, goma sha tara dai.
Ta ce, to zuba a tukunya.

Na shiga ɗaki na kunna tocila
na duba katin, lamba bayan lamba,
har bakwai ɗin da Gado ya danna wa fensir
don haushi.
Can ƙasan layi injin Maidamma ya tashi.
Sauro ya fara aiki.
Na sa agogo ƙarfe biyar.